Wai katun na yara ne? To ni dai muzuru ya hana ni gyangyaɗi

Hutun da ya wuce yaran Yaya suka zo mana kwana biyu, ka dai san yadda gida yake komawa in yara shida suka haɗu, rimot ba naka ba ne wayarka ma sai ka ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Ranar Asabar bayan la'asar babban cikinsu, ɗan shekara 11, ya zo ya tsugunna wai Kawu don Allah a sa musu katun ɗin muzuru mai takalmi. Na ce a sa. Ni dai na jawo filo na kishingiɗa da niyyar in ɗan saci barci tunda an samu abin da zai rufe musu baki. Wallahi ban runtsa ba. Ba a yi wani nisa ba sai ga ni zaune daram, har autarmu tana cewa Baba ka matsa ka tare mana. Abin da ya tayar da ni kuwa fito ne, fito kawai, wani kyarkeci ne yake yi a hankali cikin duhu.

Tun ranar nake son in yi maganar nan, saboda akwai raini guda biyu da muke da shi mu masu kallo kuma duk biyun cutar kanmu muke yi. Na farko mun raina tsohon fim, da an ga baƙi da fari sai a ce kai cire mana wannan na zamanin Turawan mulki ne. Na biyu mun raina katun, babba da gemunsa in aka gan shi yana kallo sai an yi masa dariya. Ni kuma abin da na gani shi ne, sana'ar nan ta sa wa mai kallo zullumi, abin da 'yan boko ke ce wa sasfens, a wurare biyun nan da muka raina ta fi zama da gindinta. Finafinan da ake turo mana yanzu masu fashe-fashe da jini faca-faca yawancinsu razana mutum suka iya, razana kuwa daban zullumi daban.

Wanda ya fi kowa bayyana bambancin shi ne Alfred Hitchcock, darakta ɗan Ingila da aka haifa a Landan a 1899 ya koma Amurka ya yi suna a can, ya mutu a 1980. A wata doguwar hira da ya yi da wani daraktan Faransa, François Truffaut, a 1962, ya ba da misali da mutum biyu suna zaune a tebur suna hira sai bam ya tashi a ƙarƙashinsu. Mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15 shi ke nan an wuce wurin. Amma in tun farko aka nuna maka an dasa bam ɗin, ka san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna saura kwata, to wannan hirar banzar da suke yi ta zama azaba a gare ka ta minti 15, ji kake kamar ka shiga cikin talabijin ɗin ka ce ku tashi mana. Mu ma ai mun san wannan tun a tatsuniya, kowa ya san kura tana laɓe a bayan rumbu sai wanda ya fito ɗiban hatsi ne kaɗai bai sani ba, yara su yi ta ƙanƙame juna. Ba ɓoye wa mai kallo ake yi ba, sanar da shi ake yi sannan a ɗaure masa hannu.

Ka ɗauki fim ɗinsa The Birds na 1963. Akwai wurin da jarumar fim ɗin take zaune a benci a wajen wata makarantar firamare tana jiran a tashi yara, a ciki yaran suna ta wata waƙa mai maimaici kamar ba za ta ƙare ba. A bayanta akwai ƙarafunan nan da yara ke hawa suna wasa. Hankaka ɗaya ya zo ya sauka. Aka nuno matar, ba ta san komai ba. Aka koma baya sun zama huɗu. Aka sake nuno ta aka daɗe a kanta, mu kuma hankalinmu yana can baya. Sai ta ɗaga kai ta hango wani yana shawagi ta bi shi da ido har ya sauka, kai jama'a, ƙarafunan sun yi baƙi ƙirin da hankaki ba masaka tsinke. Babu kiɗa, fim ɗin gaba ɗaya ma babu kiɗan da aka saba sa wa fim, babu wanda ya yi ihu a lokacin. Amma na san na riƙe numfashi.

Wanda na fi so duk cikin nasa shi ne Rear Window na 1954, na kalle shi ya fi sau biyar. Labarin bai taka kara ya karya ba in za ka ba wani da baki. Wani mai ɗaukar hoto ne, James Stewart ya fito a matsayinsa, ya karye a ƙafa an naɗe ta tun daga cinya, yana zaune a keken guragu a ɗakinsa a birnin New York ana tsananin zafi kowa ya buɗe tagarsa. Ba aikin yi sai leƙen maƙwabta. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai ɗakuna da yawa ya san wannan rayuwar, ka san wadda mijinta bai kwana a gida ba, ka san wanda bai ɗora tukunya ba yau, ba tare da kowa ya faɗa maka ba. To shi ma haka, har ya lura da wani maƙwabci mai matar da kullum tana kwance ba lafiya suna yawan cacar baki. Wata rana da tsakar dare ana ruwa mutumin ya yi ta fita da akwati yana dawowa, gari ya waye babu matar, sai ga shi yana naɗe zarto da wuƙa a takardar jarida. Ba mu ga kisa ba fa. Ba mu ga gawa ba, ɗigon jini ɗaya ba a nuna mana ba. Kyamara kusan duk fim ɗin tana cikin ɗakin mai karayar nan, abin da ya gani shi muka gani, mu ma mun zama 'yan sa ido ƙarfi da yaji.

Wurin da ya fi kashe ni shi ne da budurwar tasa, Grace Kelly, ta yi ƙarfin hali ta haura ta shiga ɗakin mutumin neman shaida. Mu daga nan tsallake muna ganin tagogi biyu lokaci ɗaya, ita tana ciki tana bincike a ɗaya, shi kuma ga shi nan ya dawo yana tahowa ta baranda a ɗayar. Saurayin yana kallo, ƙafa a karye, ba zai iya tashi ba ba zai iya ihu ba sai cizon yatsa. Bayan 'yan sanda sun zo ta juya baya tana nuna wa saurayin zoben auren matar da ta saka a yatsanta, mutumin ya lura da abin da take yi, ya bi inda take nunawa da ido a hankali a hankali har ya ɗago ya kalli kyamara tsaf. Wato ya kalle mu. Na rantse karon farko sai da na ja da baya daga kwamfutar kamar ni aka kama ina leƙe. Daga nan kuma sai waya ta yi ƙara, mai karayar ya ɗauka shiru ba magana, sai ƙarar takalmi a matakala ɗaya bayan ɗaya, sai hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya ɗauke. Nawa aka kashe a wannan wurin? Takun takalmi ne da kashe ƙwan lantarki.

Psycho na 1960 kowa shi yake ambata, saboda kisan banɗaki. Gaskiya an yi aiki a wurin, wuƙar ma ba ka ganin ta nutse a jiki yankan hoto ne da ƙarar goge irin na Turawa suka sa ka ga abin da ba a nuna ba, jinin ma ruwan cakulan ne tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Amma ni ba nan ne ya fi burge ni ba. Bayan kisan ne, da yaron otal ɗin da matar da aka kashe ta sauka ya tura motarta cikin wani kududdufi mai taɓo don ya ɓatar da sawu, motar tana nutsewa tana nutsewa sai ta tsaya cak rabi a waje. Sai na ji gabana ya faɗi ina cewa a raina nutse mana. Daga baya na ce kai, ni da wa nake goyon baya ke nan? An juya ni kamar waina ban sani ba. Ƙarshen fim ɗin dai bai yi min ba, an kawo wani likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya yana ta zuba bayani kamar mai lakca, abin da mun riga mun gane. Vertigo kuwa na 1958, wanda masu sharhin fim suka zaɓa a 2012 a matsayin wanda ya fi kowane fim a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound, Allah ya ba su haƙuri ni sau biyu ina barci a kansa. Ƙila ni ne ban kai ba.

Kuma ba Hitchcock kaɗai ba ne. Akwai wani na Faransa na 1953, The Wages of Fear, na darakta Henri-Georges Clouzot, mutum huɗu ne da talauci ya yi wa ɗaurin goro a wani ƙauye a Kudancin Amurka suka yarda za su tuƙa manyan motoci biyu maƙare da wani ruwan nakiya da ko girgiza ba ya so, su kai shi inda rijiyar mai ta kama da wuta, a kan hanyar da ba ta da kyau ko kaɗan. Babu bos babu bindiga, abokin gaba shi ne ramin titi. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a bayan tankar mai a hanya mai gargada, yana ganin ta tana rangaji yana karanto duk addu'ar da ya haddace, ba sai an yi masa bayanin wannan fim ba. Sai dai fa kusan awa guda ta farko hira ce da zaman banza, sai mai haƙuri.

To mu dawo kan muzuru. Sunan katun ɗin Puss in Boots: The Last Wish, kamfanin DreamWorks ya fitar da shi a Disambar 2022, Joel Crawford ya ba da umarni, Antonio Banderas ke yi wa muzurun murya kamar yadda yake yi tun fitowarsa ta farko a Shrek 2 a 2004. Turawa suna cewa mage rai tara gare ta, a kan wannan aka gina labarin. Shi wannan muzuru ɗan ƙwalisa ne mai takobi da hula da cika baki, yana wasa da ransa kamar kuɗin da bai sha wahalar nema ba, har wata ƙatuwar ƙararrawa ta faɗo masa a ka, da ya farfaɗo likita ya zauna ya lissafa masa ashe takwas sun tafi saura ɗaya tal. Ya yi dariya ya tafi mashaya yana shan madara. Nan ne aka fara fiton.

Ku lura da yadda aka yi. Ba a faɗo da kyarkecin daga sama da ƙara don a razana yara ba. Fito muka fara ji, siriri, mai daɗi ma in ka cire inda yake fitowa, wurin ya yi tsit, sai kawai ga shi zaune a kujerar kusa kamar tun ɗazu yana nan, ya lulluɓa da baƙin mayafi idanu jajur. Magana yake a nutse har da ladabi, ya zaro takardar da aka buga hoton muzurun ana nemansa ya ce ya sa masa hannu, yana nuna masa daidai inda aka rubuta a mace. Da ya buɗe mayafin sai ga lauje biyu, na ce yau ga lauje cikin naɗi a zahiri. Aka gwabza, muzurun da yake taƙama ƙarfe bai taɓa taɓa shi ba sai ga jini yana gangarowa daga goshinsa, gashin jikinsa ya mimmiƙe, ya yar da takobi ya gudu ta masai. Jarumi fa, ta masai. Yaran sun yi dariya a nan, amma dariyar ba ta kai ciki ba na gani.

Daga wannan lokacin an riga an dasa mana bam ɗin Hitchcock a ƙarƙashin tebur. Mun san rai ɗaya ya rage, mun san akwai mai bin sa, mun san alamar zuwansa. Shi ke nan. Kyarkecin nan in ka haɗa duk fitowarsa 'yan mintuna ne a fim ɗin, amma ko ana tsakiyar barkwanci da guje-guje da launuka kala-kala kunnenka yana jiran fiton. Akwai inda ake tsere a cikin gari ana ta hayaniya sai komai ya yi sanyi, sai ga shi can tsaye cikin taro ya ɗora kwabbai biyu a kan idanunsa yana nuna muzurun. Ni abin ma ya zo min da wani abu na daban, don mu mun taso ana hana mu fito da daddare, kakata in ta ji sai ta ce wa kake kira mana, to ka ga tun kafin a faɗa min ko wane ne kyarkecin jikina ya riga ya ba ni.

Sai wurin da ban zata zan gani a katun ba. A cikin daji muzurun ya sake jin fiton ya zura da gudu har ya zube a gindin bishiya, numfashi ya sarƙe ƙirji yana lugude, kana jin bugun zuciyar a sifika. Ɗan karen nan da yake bin sa, wanda tun farko na ɗauka an sa shi ne kawai don shirme, ya zo bai ce uffan ba ya ɗora kansa a kan cikin muzurun ya kwanta. Aka bar mu a haka, shiru, har bugun ya lafa. Na san manya da yawa da wannan abin yake samu, mutum yana zaune lafiya ƙalau sai ƙirji ya ɗaure ya ji kamar yanzu zai mutu, a ce masa iska ce ko sammu. Ban taɓa ganin an nuna shi daidai haka ba ko a fim ɗin mutane. A ƙarshe dai kyarkecin ya faɗa da bakinsa shi ne mutuwa, ya zo ne don haushin wanda aka ba rai tara bai daraja ko ɗaya ba. Nan sai da na tsayar na ce wa yaran wannan ƙirƙira ce ta masu labari, mutuwa ba kyarkeci ba ce kuma ba a faɗa da ita da takobi, rai ɗaya kowa yake da shi har magen. Babban ya ce Kawu mun sani mana, ka cire fos ɗin.

Ba wai katun ɗin ba shi da aibu ba ne. An cika shi da mutane, ga wata yarinya da beyar uku, ga wani ƙaton mai gasa burodi da jakar tsafe-tsafe, kowa yana neman tauraron da ake roƙon buri a wurinsa, wani lokacin hayaniyar ta yi yawa har kai ya yi ciwo. Ya shiga takarar Oscar ta katun bai ci ba, Pinocchio na Guillermo del Toro ne ya ɗauka. Kuma in yaronka bai kai shekara shida ko bakwai ba ka zauna kusa da shi, autarmu daren nan a ɗakinmu ta kwana. Su ma tsofaffin finafinan suna da nasu, mota tana tafiya kana ganin bayan hoto ne aka haska a bango, baƙar fata kuwa in ka gan shi to tire yake ɗauke da shi, shi kansa Hitchcock jarumar The Birds, Tippi Hedren, ta rubuta a littafinta na 2016 irin cin zarafin da ta ce ya yi mata. Ban ce a mayar da su waliyyai ba.

Abin da yake damuna shi ne mu nan mun zama ba ma iya jure shiru. Ka kalli finafinan da ake fassarawa da Hausa, ina son su ina kallo kuma sun iya ban dariya, amma da zarar an zo wurin da darakta ya yi shiru da gangan don gabanka ya faɗi sai mai fassara ya cike gurbin, wai ga shi nan fa zai shigo, yau ake yin ta, ka ga an kwance bam ɗin tun kafin ya yi zafi. Finafinanmu na gida masu dogon zango kuma yawanci sun ɗauka zullumi shi ne a yanke labari a ƙarshen efisod daidai an buɗe ƙofa, a saka kiɗa mai ƙarfi a nuno fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya, sai sati mai zuwa. Wannan ai jan rai ne. Mugu kuma sai ya zauna a falo ya faɗa wa abokinsa duk abin da zai yi da dalilinsa, sannan a je a yi, sannan wata ta zo ta ba wata labarin abin da muka gama gani. Ana cewa rashin kuɗi ne, ni ban yarda ba. Gidan haya ɗaya mai tsakar gida da ɗakuna takwas, da tsoho ɗaya da ciwon ƙafa ya zaunar a ƙofar ɗakinsa yana ganin shige da ficen kowa, da amaryar ɗakin can da aka kwana uku ba a ga ta fito shanya ba, me kuma ake nema? Ko jirgi mara matuƙi ba sai an yi hayarsa ba.

Mu masu kallon ma da laifinmu. Yatsa yana kan waya, da an yi daƙiƙa goma ba a mari wani ba sai a ja gaba. Na gwada sa wa wani abokina Rear Window, minti goma bai cika ba ya ce Malam wai yaushe za a fara fim ɗin ne, na ce ai an fara, ya ce to tura min inda ake faɗan. Babu inda ake faɗan sai can ƙarshe kuma bai fi minti biyu ba, mai karaya ne yake kare kansa da filas ɗin kyamara. Ya ce in bar shi ya gode.

Amma yaran nan su shida sun zauna tsit saboda fito, ba wanda ya ce a ja gaba. Shi ya sa washegari na yi kasada na sa wa manyan biyu wurin hankakin nan na The Birds, shi kaɗai, ban gaya musu komai ba. Da hankaki suka kai huɗu sai macen ta fara cewa Kawu ta juya mana, Kawu ka ce ta juya. Daren da za su koma gida aka ɗauke wuta, ina zaure ina lalubar makullin babur da hasken waya, sai na ji fiton nan a bayana daidai yadda yake a fim ɗin, a hankali. Makullin ya faɗi. Ɗan banzan yaron ne laɓe a bayan ƙofa, ya kwana biyu yana koyo, uwarsa daga cikin gida tana ɗaga murya wane ne yake mana fito da daren nan.